Hisabin Lantarki da Hukuncin Al'ada

Almajirin da ya ɗauki ƙaramin littafin tauhidin nan na Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a shekarar 1490, watau littafin da ake kira Ummul Barahina, ya durƙusa da shi gaban malami, ba a barinsa ya yi nisa sai an rarrabe masa hukunce-hukunce uku: hukuncin shari'a, wanda ba a saninsa sai ta hanyar wahayi, da hukuncin hankali, wanda tunani kaɗai ya isa ya tabbatar da shi ba tare da an jarraba kome ba, da hukuncin al'ada, wanda ake samu ta hanyar ganin abu biyu suna zuwa tare sau da yawa, alhali ɗayansu ba shi ne ke halitta ɗayan ba, kuma hankali bai hana wata rana su rabu ba. Misalan da malamai ke bugawa a kan na ukun tsofaffi ne, sun kuwa isa: wuta da ƙuna, wuƙa da yanka, abinci da ƙoshi. Sai dai zamani ya shigo mana da wani misali har cikin ɗakunanmu, wanda ya fi waɗancan tsanani, domin shi ba ya tsayawa ga cewa abu kaza yana biye da abu kaza, sai ya faɗi adadin abin da zai biyo tun kafin ya biyo, in an auna kuwa a tarar haka ɗin ne. Wannan shi ne hisabin wutar lantarki. Tambayar da nake so mu duba ita ce, shin abin da ke zuwa da adadi ƙayyadadde, ba ƙari ba ragi, a Kano da Alƙahira da Tokyo, yana nan a babin al'ada, ko kuwa ya ƙetare ya shiga babin wajibin hankali?

Kafin a yi hukunci a kan abu sai an san surarsa, saboda haka bari a fara shimfiɗa hisabin. Abubuwa uku ake aunawa a cikin waya. Akwai ƙarfin turi, watau abin da ke ingiza lantarki daga wannan baki zuwa wancan, ana auna shi da bolt. Akwai yawan abin da ke gudana a cikin wayar, ana auna shi da amfiya. Akwai kuma turjiyar da wayar ke yi wa abin da ke ratsa ta, ana auna ta da om. Waɗannan ma'aunai an ciro sunayensu daga na mutum uku, Volta na Italiya, da Ampère na Faransa, da Ohm na Jamus, kuma taron masana lantarki da aka yi a Faris a 1881 shi ya daidaita su ga duniya. Ƙa'idar ita ce, in ka raba bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne om. In kuwa ka ninka bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne ƙarfin aikin da na'urar ke yi a kowace daƙiƙa, wanda ake auna shi da wat. A ƙaddara mai guga ya jona dutsen gugarsa a wutar da ke da bolt 240, aka sa ma'auni aka ga amfiya 5 ke ratsa shi: turjiyarsa om 48 ke nan, ƙarfinsa kuwa wat 1200. Ga abin da aikinsa ɗumamawa ne, kamar dutsen guga da abin dafa ruwa, hisabin ya ƙare a nan. Abin da ke juyawa, kamar fanka da injin niƙa, yana da wani ƙarin sharaɗi wanda ba mu da bukatarsa a wannan magana.

Wani abu yana ɓoye a cikin wannan ƙa'ida wanda kowane mai guga ya ɗanɗana ko da bai san dalilinsa ba. Ranar da aka kawo wuta ba ƙarfi, a ce bolt ya faɗo daga 240 zuwa 120, mutum zai zaci dutsen zai yi rabin zafinsa. Amma da yake turjiyar tana nan kusa da om 48 ɗinta, abin da ke gudana shi ma ya koma rabi, watau amfiya biyu da rabi, in ka ninka 120 da biyu da rabi kuwa wat 300 za ka samu, rubu'in ƙarfin farko. Shi ya sa a irin wannan rana za a yini ana goga riga ɗaya ba ta kwanta ba.

Wanda ya fito da rabin farko na wannan hisabi, Georg Simon Ohm, an haife shi a garin Erlangen a 1789, ɗan wani maƙerin makullai ne wanda ya koya wa kansa lissafi sa'an nan ya koya wa 'ya'yansa. Ohm malamin makaranta ne a birnin Kolon, da ɗan kayan gwajin makarantar ya yi aikinsa. Da farko ya yi ta fama da batura irin na zamanin, waɗanda ƙarfinsu ke hawa da sauka ana cikin awo, har sai da aka ba shi shawara ya koma ga wata hanya: ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe da ake kira bismut, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara mai narkewa, domin muddin bambancin zafin nan bai sauya ba, ƙarfin turin da ke fitowa ba ya sauyawa. Sai ya kawo wayoyi takwas na jan ƙarfe, kaurinsu ɗaya tsawonsu dabam-dabam, yana sa su ɗaya bayan ɗaya, yana duban yadda allurar maganaɗisu da ya rataya bisa wayar ke karkata. Wannan a 1826 ne. A 1827 ya buga littafinsa a Balin, inda ya shimfiɗa al'amarin da lissafi, yana bin sawun abin da Fourier na Faransa ya yi game da yadda zafi ke ratsa jiki. Mutanen ƙasarsa ba su karɓi littafin hannu biyu ba, har ya bar aikinsa na Kolon ya yi shekaru cikin ƙunci. Sai a 1841 ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar Copley, kujerar shehun malami a jami'ar Munik kuwa bai hau ta ba sai a 1852, saura shekara biyu ya mutu.

Na tsaya a kan tafasasshen ruwa da ƙanƙara da wayoyi takwas da gangan, domin a nan amsar tambayarmu take. Da alaƙar bolt da amfiya wajibin hankali ce, kamar yadda rabin abu ya gaza dukkansa, da Ohm bai bukaci tukunya da allura ba, da ya rufe ƙofa ya yi tunani ya fito da ita. Ba wanda ya taɓa tafasa ruwa domin ya tabbatar da cewa biyu da biyu huɗu ne. Har ma an ce wani Baturen Ingila, Henry Cavendish, ya hango wannan alaƙa tun 1781, a lokacin da babu ma'auni, sai ya mai da jikinsa ma'auni, yana karɓar jan wutar yana kwatanta zafinta, kuma abin da ya rubuta bai fito ba sai da wani masani mai suna Maxwell ya buga shi a 1879. Ilimin da sai an sha wuya irin wannan ake samunsa, ilimin jarrabawa ne.

Amma fa dole a yi wa mas'alar fiɗa da kyau, domin hisabin nan gauraye yake, kuma gaurayar ce ke ruɗin mutane. A cikinsa akwai sashen hankali tsantsa: cewa 240 in an raba shi gida 5 zai ba da 48, wannan ba ya karɓar saɓani, ba a duniyar nan ba, ba a wata ba, kuma malaman tauhidi sun faɗa cewa ƙudurar Allah ba ta rataya ga abin da ya ke mustahili a hankali, ba don gazawa ba, sai don mustahili ba abu ba ne balle a yi shi. A cikinsa kuma akwai sashen da yarjejeniya ce kawai ta masu fanni, watau cewa abin da ya fito daga wannan rabawa za a kira shi turjiya. Sa'an nan akwai sashe na uku, wanda shi ne ainihin abin da Ohm ya gano: cewa a cikin wayar ƙarfe, in ka ninka turi, abin da ke gudana zai ninku daidai da shi, har ya zama adadin da ke fitowa daga rabawar ba ya motsi. Wannan sashe na uku shi ne labari game da halitta, shi ne kuma hukuncin al'ada. Da yake an rubuta shi da alƙaluman lissafi, sai kwarjinin lissafi ya lulluɓe shi, mai kallo ya zaci duka ukun daraja ɗaya gare su.

Dalilin da ya nuna ba daraja ɗaya gare su ba yana rataye a rufin ɗaki. Ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, wanda aka rubuta masa wat 60, in yana ci a bolt 240 yana jan rubu'in amfiya, turjiyarsa om 960. Amma cire shi ka bari ya huce ka auna, za ka tarar turjiyar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, domin ƙarfe yana ƙara turjiya in ya yi zafi. Wannan ne ma ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi, sa'ad da zaren ke da sanyi wuta ta afka masa da yawa. Akwai kuma ƙananan na'urori a cikin rediyo da wayar hannu waɗanda ke barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya su tare shi ta ɗaya fuskar, ba ruwansu da ƙa'idar Ohm. Mafi ban mamaki shi ne abin da Kamerlingh Onnes ya gani a Leiden ta ƙasar Holan a 1911, sa'ad da ya sanyaya zaiba har kimanin digiri 269 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, sai turjiyarta ta ɓace ɗungum, lantarki na gudana ba abin da ke tare shi. Wajibin hankali ba ya sauyawa don an sanyaya shi.

A nan sai in ja hankalin 'yan'uwana masu wa'azi, domin na san zuciya za ta yi saurin cewa ga keta al'ada nan ta bayyana a ɗakin gwaji. Ba haka ba ne. Abin da Onnes ya gani, duk wanda ya sanyaya zaiba zuwa wannan haddi zai gan shi, mumini ko kafiri, yau ko gobe. Saboda haka wata al'ada ce ta biyu da ke bayan ta farko, wadda ba a sani ba sai ranar da aka kai gare ta. Keta al'ada ta haƙiƙa, irin wadda aka yi wa Annabi Ibrahimu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ce a cika dukkan sharuɗɗa, ga wuta ga jiki ba shamaki, sa'an nan ƙuna ta ƙi zuwa. Wannan kuwa ba a kiranta da na'ura, ba a maimaita ta don a nuna wa ɗalibai. Fa'idar labarin zaiba ƙarama ce amma tabbatacciya: ya nuna cewa abin da muka ɗauka doka ce marar iyaka yana da iyaka, kuma iliminmu game da shi daga kallo ya zo. Wanda ya ɗora masa fiye da haka ya ba abokin jayayya sanda.

Wannan jayayya kuwa tsohuwa ce. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a mas'ala ta goma sha bakwai ta littafinsa Tahafutul Falasifa, ya kawo misalin wuta da auduga, ya nuna cewa abin da ido ke gani shi ne ƙuna tana faruwa a lokacin haɗuwarsu, amma ido bai taɓa ganin cewa wutar ce ta yi ta ba. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut, kuma martanin ba na wasa ba ne: a wurinsa, sanin abu shi ne sanin sababinsa, wanda ya kore sababi ya kore ilimi, ya kuma kore hikimar Mahalicci da ake kafa hujja da ita. Da Ibnu Rushdi zai ga ma'aunin lantarki, da ya ce ga shaidarsa, tun da jan ƙarfe yana da turjiyarsa, baƙin ƙarfe yana da tasa wadda ta ninka ta wajen sau shida, kowane jiki da ɗabi'arsa ba ya ƙetare ta. Ni dai a ganina hujjarsa tana cin wanda ya ce babu tsari, Gazali kuwa bai ce babu tsari ba. Shi da kansa ya kawo wa kansa tuhumar, cewa in haka ne mutum zai bar littafi a gida ya yi shakkar ko ya rikiɗe ya zama wata dabba kafin ya komo, ya kuma amsa da cewa Allah Ya halitta mana sanin cewa waɗannan abubuwa, ko da yake masu yiwuwa ne, ba za su auku ba, gudanar al'ada kuma ta kafa wannan sani a zukata. Saɓaninsu ba a kan ko allurar za ta karkata ba ne; a kan wa ya karkatar da ita ne, da kuma ko tilas ne a gare Shi. Wannan kuwa ma'auni ba ya auna shi, domin ma'auni ba ya nuna kome sai bolt kaza tare da amfiya kaza. Wani masanin falsafa na Sikotilan, David Hume, ya isa kusa da wannan wuri a ƙarni na goma sha takwas ta wata hanya dabam, ko da yake shi bai ƙarasa inda Gazali ya ƙarasa ba.

Masu sharhin littattafan Sanusi sun kasa mutane kashi huɗu game da sababi: mai cewa wuta tana ƙonawa da ɗabi'arta; da mai cewa tana ƙonawa da wani ƙarfi da Allah Ya ajiye a cikinta; da mai cewa Allah ne ke ƙonawa amma haɗin wuta da ƙuna ba ya yiwuwa ya warware; da mai cewa Allah ne ke yi, haɗin kuma na al'ada ne. Na huɗun suka ce shi ne tsira. Yawancin yaranmu da suka yi karatun kimiyya, in ka bincike su da lalama, a kashi na uku za ka same su, ba da mugun nufi ba, sai don ba wanda ya taɓa raba musu sashen lissafi da sashen jarrabawa. Maganinsu kuwa bayani ne, ba tsawa ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro ba ya cikin huɗun nan, ko kuwa in ce yana fakewa a cikin na huɗu. Shi ne mutumin da ya ji an ce haɗin na al'ada ne, sai ya fahimci cewa haɗin sako-sako ne, ana iya wasa da shi. Alhali kuwa al'adar da ake magana ba ta mutane ba ce da ke sauyawa da zamani, sunnar Allah ce a cikin halittarSa, wadda Ya tabbatar da ita don rahama, domin da ba ta tabbata ba da ba a yi noma ba, da ba a yi magani ba, da kuma ba a ɗora wa kowa alhakin kome ba. Dubi manyan wayoyin da ke ɗauko wuta daga madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968: an ɗaga turinsu har bolt 330,000, saboda James Joule na Ingila ya nuna tun wajen 1840 cewa zafin da ke tashi a waya yana bin amfiya ne in an ninka ta da kanta sa'an nan aka ninka da turjiya, don haka in ka ɗaga bolt sau goma, amfiyar da za ta ɗauki wannan ƙarfi ta ragu sau goma, hasarar da ake yi a hanya ta ragu sau ɗari. Waɗanda suka kafa turakun nan sun kashe dukiya mai yawa tun wuta ba ta bi ta kai ba ko sau ɗaya, bisa amincewa cewa abin da jan ƙarfe ya yi a Kolon a 1826 shi ƙarfe zai yi a bakin kogin Kwara. Ko sun sani ko ba su sani ba, da tabbatar sunnar Allah suka dogara, ba ta kuwa ba su kunya ba.

Wannan ƙa'ida ta Joule ita ce kuma ke aiki a rumfar kasuwa da tsakar dare. A ƙaddara an haɗa waya biyu da murɗawa kawai, aka naɗe da leda, mahaɗar ta yi tsatsa har turjiyarta ta kai rabin om. In amfiya 10 ke wucewa, goma sau goma ɗari, rabin ɗari hamsin: wat 50 na zafi ke taruwa a wurin da bai fi kan yatsa ba. In maƙwabci ya ja tasa wayar daga nan, ya jona firiji da abin dafa ruwa, amfiya ta koma 20, zafin ba ninki biyu zai yi ba, wat 200 zai zama. An sa fis a layi domin ya zama shi ne mafi rauni, ya narke ya yanke wuta kafin waya ta yi zafi. Sai mai gyara ya gaji da sauya shi, ya cusa waya mai kauri a gurbinsa, mai rumfa ya yi masa godiya don wuta ta daina ɗaukewa. Ranar da gobara ta tashi, ga hunturu ga atamfa jibge, sai a taru da safe ana jajantawa, ana cewa haka Allah Ya ƙaddara.

Maganar gaskiya ce, kuma ita ce ta dace da bakin mai jaje da kunnen wanda ya yi hasara. Amma ba ta zama hujja a bakin wanda ya cusa wayar ba, kuma shari'a ba ta taɓa karɓarta daga irinsa ba. Malaman da suka karantar da cewa wuƙa ba ta da tasiri a yanka su ne dai suka hukunta ƙisasi a kan wanda ya soka ta. Fuƙaha'un mazhabar Maliku kuwa sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su in sun salwanta a hannunsu, sai fa in shaida ta tsayu cewa ba da sakacinsu ba ne. Ba su ga karo tsakanin babin tauhidi da babin lamuni ba, domin alhaki yana rataya ne ga abin da mutum ya sani na al'ada da abin da ya zaɓa ya yi da saninsa. Da alƙali zai zauna a kan shari'ar rumfar nan, abin da zai tambayi mai gyaran wuta shi ne kaurin wayar da ya sa, da adadin amfiyar da ya san za ta ɗauka, da kuma inda fis ɗin ya tafi.